Kwana Huɗu a Kan Ciwon Mudira

Gara in faɗa da bakina kafin Habboba ta riga ni. A makona na farko a wannan sana'a, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, na ga wata kaza tana tafiya a tattale, na yanke hukuncin cewa ƙwai ne ya maƙale mata. Na ɗebo man girki a murfin kwalba, na zauna a ƙarƙashin rumfa, na yi ta shafa mata a gindi ina lallashinta tun hantsi har azahar. Habboba, kakata ta wajen uwa, tana gefe tana yanka kuɓewa, tana kallona. Sai da man ya ƙare ta ce, "Maigida, in ya haihu ka kira ni in yi guɗa." Zakara ne. Ɗan saurayin zakara wanda zankonsa bai gama fitowa ba.

Na kawo wannan ne saboda ku, ƙannena da kuka zo hutu daga unguwar Mayo kuka ce kiwon kaji ba sana'a ba ne, watsa dawa ne kawai da kwasar ƙwai. Yau shekarata biyar a ciki. A lissafin kaji na ga jikokin jikoki, saboda haka ku ba ni girmana, ku zauna ku ji.

Kayan aikinmu ba su cika kwando ɗaya ba. Akwai kwandon kansa, na kife kaza mai rigima. Akwai sirinji marar allura na ɗura magani, wanda ya girme ni. Akwai gwangwanin toka saboda ƙwarƙwata, da ƙullin garad, abin da Habboba ke kira bagaruwa in Hausar iyayenta ta motsa. Sauran kayan aikin a jikinta suke: ido, hanci da babban yatsa. Ta yi ƙuruciyarta tana tsintar auduga a gonakin Jazira, da kajinta a bayan bukka, kuma har yau in ta ɗaga kaza ta jinjina ta sau ɗaya, za ta gaya maka abin da ta ci shekaranjiya da gidan da ta sato shi.

Ga yadda ta koya mini duba kaza. Da farko ba a taɓa ta. Ka tsaya daga nesa kamar ba ruwanka, domin kaza munafuka ce, in ta ga ana kallonta sai ta miƙe ta nuna lafiyarta ƙalau. Sannan ka duba kashinta. Ni da kuke gani na san kashin kaza fiye da yadda na san darasin lissafi: fari, kore, mai ruwa, mai jini, kowanne da labarinsa. Daga nan zanko, ja ne ko ya koɗe. Sai ka ɗaga ta, ka taɓa ƙashin ƙirji, ka matsa jakar abincin da ke ƙasan wuya, ka buɗe fukafukai, ka leƙa gindi. In ka gama duk wannan ba ka gane komai ba, ka gyaɗa kai a hankali ka ce, "Zafi ne." A unguwarmu Kalakla wannan amsar ba ta taɓa zama ƙarya gaba ɗaya ba.

Masu sayen ƙwanmu kuwa, kaji sun fi su sauƙin hali. Akwai gidajen masu jego, waɗanda ba sa yarda da ƙwan kanti, sai na gida mai jan gwaiduwa. Akwai mai shayin bakin titi, wadda ke ɗaga kowane ƙwai ta kara a kunne ta girgiza kamar tana jiran ya gaishe ta. Akwai wani tsoho da ke tambayar sunan kazar da ta yi ƙwan kafin ya karɓa. Duk na iya da su.

Abin da ban iya da shi ba shi ne shekarar da kogi ya cika ya shigo unguwa. Bayan ruwa ya janye, samir ya shigo. Samir ciwo ne da ke murɗe wa kaza wuya, ta yi ta kallon sama tana zagaya wuri ɗaya, kashinta kore shar, kwana biyu sai ka tarar da ita a sandare. Kajinmu ashirin da uku a lokacin. Habboba ta ƙi yanka ko ɗaya, ta ce za ta yi magani. Ta jiƙa garad, ta daka tafarnuwa, ta yi addu'a. Cikin kwana tara duk suka mutu mushe, ko ƙafa ɗaya ba ta shiga tukunya ba, ni na haƙa ramin. A bakin ramin nan ta yi rantsuwa: duk ranar da samir ya sake leƙo gidanta, wuƙa za ta riga shi, ta yanke kowace kaza tun tana da nama, tun tana halal. Habboba ba ta rantsuwa sau biyu.

To, yanzu ku ji labarin Mudira. Bara ne, muna da kaji goma sha ɗaya da muka tara da ƙyar bayan waccan shekarar. Mudira ce babbarsu, ja, mai faɗin ƙirji. Mun sa mata sunan ne saboda tafiyarta irin ta mudira, wato shugabar makarantar 'yan mata, kuma babu kazar da ke sa baki a dawa sai ta ƙoshi.

Ranar Talata da safe na watsa dawa, kowa ya rugo, Mudira ta zo a ƙarshe. Ta cafki ƙwaya, ta juya ta a baki, ta yar. Ta sake cafka, ta sake yarwa. Sai ta girgiza kai da ƙarfi, ta miƙa wuya, ta kai ƙafa ta sosa baki. Na bi ƙa'ida. Na yi kamar ina wanke buta ina kallonta ta gefen ido. Kashi lafiya. Zanko ja. Ƙirji da nama. Ƙarƙashin fukafukai babu ko ƙwarƙwata ɗaya. Jakar wuya kuwa fayau, kamar aljihun ɗan makaranta. Ga kaza tana son abinci, ga abinci a gabanta, ga shi ba ta ci. Na gyaɗa kai na ce, "Zafi ne."

Habboba ta karɓe ta, ta jinjina, ta shinshina, ta daɗe tana kallonta. Matar da ke da magana a kan kowane kashin kaza ta kasa faɗin ciwon, abin da ya tsorata ni ke nan.

"Kife ta a bayan bayi," ta ce daga baya. "Nesa da sauran."

Na kife ta, na ɗauko waya na rubuta alamun a intanet. Kada ku taɓa yin haka. Ciwo bakwai suka fito, kuma kowanne alamunsa iri ɗaya ne: kaza ba ta ci, tana girgiza kai, ba ta da walwala. Wani ya ce a ba ta ruwan ɗumi, wani ya ce ruwan ɗumi ne ke kashe su. Wani Bature ya sa tasa a baho yana yi mata wanka yana kiranta da suna. Kafin la'asar na tabbata Mudira tana da ciwo shida daga cikin bakwai, ni kuma ina da biyu.

Ranar Laraba Hajja Sa'adiyya ta leƙo. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu, ita ma da kajinta, kuma tana da wani tsohon bokiti da take takawa ta ga duk abin da ke faruwa a gidanmu. Ta ga kwando a kife, ta ga jan kai yana girgizawa ta ramin saƙa.

"Innalillahi! Hajja Hauwa, samir a gidanki kika yi shiru?"

"Wa ya ce miki samir ne?" in ji Habboba.

"Ga kai yana rawa!"

"Ke ma kanki yana rawa in kina magana, na taɓa cewa a yanka ki?"

Hajja Sa'adiyya ba ta yi dariya ba. Ta ce ita kajinta guda shida ne, su ne abin da ta mallaka, kuma iska ba ta san katanga ba. Ta ce a ɗura wa kazar barkono da lemun tsami. Habboba ta ce garad. Da na kai wa mai shayi ƙwai na ba ta labari, ta ajiye ludayi ta ce ba ciwo ba ne, ido ne, kaza mai kyau irin wannan dole a yi mata baki, ta ƙullo mini turaren taiman na korar ido. Tunda ban san wanda ya fi gaskiya ba, na yi wa kowa adalci. Da hantsi garad, da azahar barkono da lemun tsami, da la'asar na sa garwashi a kasko na turara ta a cikin kwando. Mudira ta fito tana ƙamshi kamar amarya, idonta jajir, tana kallona irin kallon da ake yi wa wanda za a haɗu da shi a lahira. Na watsa mata dawa. Ta cafka, ta yar.

Ranar Alhamis Habboba ta ce in kai ta wurin Baba Haruna a Kasuwar Umdurman. Tsoho ne mai sayar da kaji da tantabaru, sun san juna tun Jazira, kuma shi kaɗai ne mutumin da Habboba ta yarda ya kusa kai ta sanin kaza. Na huda kwali, na sa Mudira, na hau hafla, motar haya. Daga Kalakla zuwa can mota biyu ce da tafiyar ƙafa, rana kuma ta fito da niyya. Kumsari, yaron motar, ya ga kwali yana motsi.

"Me ke ciki, ya zol?" ya tambaye ni, wato kai malam.

"Marar lafiya."

"To ka gaya wa marar lafiyar in ta yi mini kashi a mota, ku biyu za ku sauka a kan gada."

Wata mata a bayana ta ce a ba ta man shanu. Wani mai rawani ya ce tsutsa ce a maƙogwaro, a tsoma gashin tsuntsu a kananzir a zura. Kafin mu haye kogi, mota ta rabu gida biyu a kan ciwon kazar da babu wanda ya ga ko ƙafarta.

Baba Haruna ya ciro ta daga kwali, ya riƙe ƙafafu, ya juya ta, ya hura gashin ƙirjinta, ya kara kunne a bayanta. Sai ya shinshina ya ɗago.

"Wa ya yi mata turare?"

"Ni ne, Baba."

"Aure za ta yi?"

Ya ajiye ta a ƙasa ya ce ta taka. Ta taka sarai, ba tangaɗi. Ya ce, "Samir ba ya barin kaza ta yi tafiya haka." Na ji sanyi. Sai ta girgiza kai ta miƙa wuya. Ya ce, "Amma haka yake farawa." Sanyin ya tafi. Na ce, "To Baba, mene ne?" Ya shafa gemu ya ce, "Ka gaya wa Hauwa, in samir ne, jibi za ta mutu. In ba shi ba ne, jibi za ku gani." Na yi mota huɗu da rabin yini don in ɗauko wannan hikimar.

Da na dawo gida na buɗe kwali, sai ga kashi a ƙasansa, ɗan kaɗan, kore. Yanzu na san kazar da ta kwana uku ba ta ci ba dole kashinta ya yi kore, ko da ciwo ko babu. A ranar ban sani ba. Habboba ta sani, amma Hajja Sa'adiyya tana kan bokitinta, ta riga ta gani, ta riga ta fara salati. Habboba ta dubi kwalin, ta dubi sauran kaji goma suna tono a gindin randa, lafiyarsu ƙalau.

"Kira mini kawunka Idris," ta ce. "Gobe da safe ya zo da wuƙa."

"Habboba, Mudira kaɗai?"

"Duka."

"Baba Haruna ya ce jibi."

"Haruna ba shi ya haƙa rami ba."

"Ni na haƙa."

"To ka fi kowa sani. Kira shi."

A gidanmu mace ba ta yanka, ni kuma Habboba ta ce hannuna bai nuna ba, riƙo ne aikina. Saboda haka duk yanka sai Kawu Idris, ɗanta, direban raksha, keken haya mai ƙafa uku, mutumin da tun da aka haife shi yake sauri. Ranar Juma'a ya iso da sassafe, ya bar raksha a ƙofa ko kashe ta bai yi ba, ya ce yana da kayan biki da zai ɗauka, minti ashirin gare shi.

"Yumma, guda nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Biki ake ba a gaya mini ba?"

Ya wasa wuƙa a bakin siminti, ya fuskanci alƙibla, ya ce in kawo. Mudira ce ta farko. Na riƙe, ya yi bisimilla, aka gama. Habboba ta ɗauke ta tun tana ɗumi, ta tsoma a ruwan zafi, ta zauna a kujerarta ta fara fiɗa da sauri. Al'adarta ce, kazar da ta yi ciwo sai ta buɗe cikinta ta gani da idonta. A shekarar samir ma ta buɗe mushe biyu, ta ce ta ga ɗige-ɗigen jini a hanji da bakin ƙundu, kuma ba za ta manta kamarsu ba.

Matsalar ita ce Habboba tana bincike da saurin tsohuwa, Kawu yana yanka da saurin raksha.

"Kawo ta gaba!"

A nan sana'a take, ku da kuke cewa watsa dawa ne. In dole ka miƙa kaza ga wuƙa, wacce za ka fara miƙawa? Na kamo wata tsohuwa da ta daina ƙwai tun azumi. Bayanta na kamo gurguwar da ke fasa ƙwan 'yan'uwanta. Uku ke nan. Waɗanda suka rage duk masu ƙwai ne, matasa. Na saci kallon Habboba. Ta buɗe ciki, tana jan hanji tsakanin yatsu, tana magana ita kaɗai.

"Hanta lafiya. Hanji fes. To ina jinin?"

"Mus'ab! Ta gaba!"

Daga nan na manta yadda ake kama kaza. Ni da ke cafke kaza da hannu ɗaya ina cin gyaɗa da ɗayan, sai ga ni ina faɗuwa a kan buta. Na bi wata baƙa muka zagaya randa sau biyar. Ƙofar akurki ta buɗe, ban san yadda aka yi ba, wallahi ƙafata ce ta taɓa ta. Kaji suka watse. Biyu suka hau rumfa, ɗaya ta shige ƙarƙashin gado, ɗaya ta haye katanga ta sauka a kan Hajja Sa'adiyya, wadda ta sauko daga bokiti ba da niyyarta ba, tana ihu an jefo mata samir.

"Ya walad, kai yaro, wasa kake da ni?" in ji Kawu. "Shekara nawa kana wannan aikin?"

"Sun ga wuƙa ne, Kawu. Kaza ma tana da hankali."

"Ta fi ka!"

Ya naɗe jallabiya ya shiga kamu da kansa. Ya cafko wata fara mai yin ƙwai kullum, ya taka fukafukai, ya yanka ba tare da ya nemi riƙona ba. Huɗu. Habboba ta tsaga ƙundu, babu komai sai tsakuwa. Ta zauna da wuƙa a hannu, ta rasa inda za ta duba. A rayuwata ban taɓa ganin ta rikice haka ba. Ta ce, "Kazar nan lafiyarta ƙalau. Yunwa ce kawai a cikinta." Kawu bai ji ba, yana ƙarƙashin gado rabinsa, yana jawo ta biyar.

Habboba ba ta zubar da kan kaza, miya take sa shi. Don hannunta kada ya zauna banza, ta ɗauki kan Mudira ta buɗe bakin za ta wanke, ta ja harshen waje. Sai ta tsaya. Ta matsa kusa da haske. Ta sa farce ta jawo wani abu.

"Idris! Tsaya!"

Ta biyar tana ƙarƙashin ƙafarsa, ya riga ya ɗaga mata wuya.

Zare ne. Farin zaren roba, siriri, irin wanda ake ɗinke bakin buhun dusa da shi. Ya zarge gindin harshen ta ƙasa ya ɗaure tam, har wurin ya kumbura ya rufe shi, sauran kuma ya bi maƙogwaro. Duk ƙwayar da ta ɗauka, harshe ba ya iya tura ta ciki. Bakin nan na buɗe shi da hannuna ya fi sau goma, na ɗura garad, na ɗura barkono, ban taɓa ɗaga harshen ba. Habboba ba ta ɗaga ba. Baba Haruna, da ya saurari bayanta kamar likita, bai ɗaga ba.

Kawu ya ɗage ƙafa, kazar ta tashi ta gudu tana zaginsa. Ya karɓi zaren ya duba.

"Wa ke kwance bakin buhu a gidan nan?"

Kowa ya san mutum ɗaya ne ke kwancewa, kuma yana da ɗabi'ar yar da zaren a inda ya tsaya. Habboba ta dube ni, na dubi rumfa. Hajja Sa'adiyya ta sake hawa bokiti, mayafi a karkace, ta ce ita dama tun farko ta ce abin bai yi kama da samir ba.

Ba mu da wuta a ranar, firij ya zama kabad, saboda haka naman bai kwana ba. Kawu ya tafi da ɗaya a raksha, aka miƙa wa Hajja Sa'adiyya ɗaya ta kan katanga, muka ci biyu, har da Mudira. Kaji bakwai suka rage, babu wadda ta yi ko atishawa, washegari huɗu daga cikinsu suka yi ƙwai. Zaren kuwa na auna shi, bai kai tsawon tafin hannuna ba.